Babban Yatsa Ba Ya Ƙarya: Yadda Hannun Ɗan Koyo Ke Samun Mazauni a Jikin Celo

A shekarar 1888 wata uwa ta ɗauki ɗanta mai shekara 11 daga garinsu El Vendrell ta kai shi makarantar kiɗa ta birnin Basalona, a ƙasar Sifen, don ya koyi celo. Sunan yaron Pablo Casals. Al'adar koyarwa a wancan zamani ita ce a soka wa ɗan koyo littafi a hammata, a ce ya yi ta kiɗa kada ya bari ya faɗi. Wai ta haka damtse zai manne da haƙarƙari, wuyan hannu kaɗai ya riƙa kai da komo da baka. Yaron bai yi musu a aji ba. Amma in ya koma masauki sai ya ajiye littafin, ya ɗaga gwiwar hannunsa, ya bar kafaɗa ta sake, ya kasa kunne ya ji abin da zai fito. Abin da ya fito ne ya sa, har ya rasu a 1973, ba a lissafa makaɗan celo a tsallake sunansa. Yau malamin da ya sa wa yaro littafi a hammata dariya za a yi masa.

Sai dai ɗaurin bai mutu ba, wuri ya sauya. Na zamanin Casals a hammata yake, kowa na gani. Na ɗan koyon yau yana ɓoye a bayan wuyan celo, inda babban yatsan hagu ke shaƙe itace kamar wanda za a ƙwace wa abin hannunsa. Minti goma sha biyar da fara kiɗa, sai ka ga mutum ya saki yana yarfa hannu, gindin babban yatsa na zafi, kafaɗa ta hau har kusa da kunne. Da yawa sukan ɗauka kuɗin shiga ke nan, dole a biya. Ba haka ba ne, kuma a kan wannan nake son mu tsaya.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, celo yayar bayolin ce. Girmanta ya kai sai an zauna an rungume ta tsakanin gwiwoyi. Sunan daga Italiyanci yake, kuma an yi dace, don yadda Bahaushe zai karanta harafin farko, kamar a "ciki" da "cokali", haka mutanen Italiya ke furta shi. A arewacin Italiya aka fara ƙera ta a ƙarni na 16, kuma gidan Andrea Amati na garin Kiremona na cikin na farko-farko. Na lokacin sun fi na yanzu girma, domin tsirkiyar hanjin tumaki sai ta yi tsawo sosai kafin ta ba da murya mai kauri. Da aka gano dabarar naɗe tsirkiya da siririyar waya wajen 1660, sai gajera ma ta iya yin kaurin. Wajen 1710 Antonio Stradivari ya tsayar da ƙirar da yawancin maƙera ke bi har gobe, gangar jiki mai tsawon kimanin santimita 75. Wato ita kanta celo an rage ta ne don hannun ɗan Adam ya iya kaiwa.

Wanda ya san goge ya riga ya san rabin labarin. Baka mai tsagiyar doki, ƙaron da ake shafa mata don ta kama tsirkiya, jakin da ke ɗauke da tsirkiya yana kai rawarta cikin ƙwarya, duk suna nan, sai dai a nan ƙwaryar akwatin katako ce. Inda suka rabu shi ne inda ciwon yake. Mai goge taɓa tsirkiyarsa yake yi a sarari, babu abin da yake danne ta a kai. Mai celo kuwa tsirkiya huɗu gare shi, A da D da G da C, na ƙarfe, masu kauri, a ɗaure tamau, kuma kowace sai ya kai ta ƙasa ta kwanta a kan wani dogon allo baƙi da ke manne da wuya. Allon nan, in an ƙyale ni in ɗan ratse, daga itacen da ke dangi ɗaya da kanyarmu ake yin sa, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da ke fitar da shi. Babu gaɓa ko alama a jikinsa irin na jita. Yatsa ne zai nemo gurbin kowane sauti, kunne ya yi alƙalanci.

Ciwon hannu sau da yawa daga kujera yake farawa. A nemi mai tauri, marar hannuwa, wadda in an zauna a bakinta tafin ƙafa biyu zai taka ƙasa sosai, gwiwa kuma ta ɗan yi ƙasa da ƙugu. Kujerar roba mai jingina ta taron biki ba ta yi, don tana jefa mutum baya. A fara zama daidai tukuna, kamar babu wata celo a duniya, sannan a jawo ta ta zo ta same ka. Masu koyo sukan yi akasin haka, su girke ta sannan su lanƙwasa jikinsu su bi ta. A gindinta akwai tsinken ƙarfe da ake zarowa ya tokari ƙasa, kuma tsawonsa ne ke yanke hukuncin komai. Da can babu shi, da sha-raɓa ake maƙale ta, sai a ƙarni na 19 ya yaɗu, kuma sunan Adrien-François Servais, ɗan ƙasar Beljiyam, ake haɗawa da yaɗuwarsa. In tsawon ya yi daidai, saman bayan celo zai jingina da ƙashin ƙirji, gwiwoyi su taɓa gefenta ba tare da matsa ba, turken tsirkiyar C ya zo wajen kunnen hagu, wuyanta ya bi ta saman kafaɗa bai taɓa ta ba. Ga gwaji mai sauƙi: saki hannu biyu su sauka, ka juya kai dama da hagu, ka ja numfashi. In celo ta zauna ba ta zame ba, madalla. In kuwa sai da hannun hagu take tsayawa, to hannun ya karɓi aikin dako, kuma ɗan dako ba ya rawa da kaya a ka.

Yanzu ga hannun hagun. Sake shi ya sauka a gefenka kamar kana tafiya kasuwa, ka dube shi. Yatsun ba a miƙe suke ba, ba a dunƙule ba, sun ɗan tanƙwara da kansu. Wannan ita ce surar da ake nema, surar hannun da zai ɗauki kofin shayi. Ɗaga shi a haka ka ɗora kan allo. Makaɗa suna ƙirga yatsu huɗu ne: manuni shi ne na ɗaya, na tsakiya na biyu, na zobe na uku, ɗan autan na huɗu. Babban yatsa ba ya cikin lissafi a wannan mataki. Mazauninsa bayan wuya, daura da yatsa na biyu, a ɗan tanƙware, yana taɓa itace da gefen kansa.

To da me za a danne tsirkiya in ba a matsa ba? Duba yadda ake ɗaukar bokitin ruwa daga bakin rijiya. Yatsu huɗu ne ke zama ƙugiya, nauyi ya rataya a kansu, babban yatsa yana can yana hutawa. Haka abin yake a nan, sai dai abin da ke ratayawa shi ne hannunka da kansa. Hannun babban mutum, daga kafaɗa zuwa yatsu, ya kai kilo uku ko fiye, kuma kaɗan daga cikin wannan nauyi ya isa ya kwantar da tsirkiya. Celo ba za ta gudu ba, don ƙirjinka na tare ta. Aikin da babban yatsa ke ƙoƙarin yi, ƙirji ya riga ya yi shi. Shi ya sa malamai da yawa kan sa ɗan koyo ya ɗage babban yatsan gaba ɗaya daga wuya, ya kaɗa sauti uku ko huɗu a haka. Ranar farko abin kamar sihiri, sai ga sauti ya fito tas ba tare da shi ba. Daga nan a mayar da shi ya taɓa kawai, ya zama ɗan rakiya mai gaya wa hannu inda yake.

Akwai wani gwajin da na fi so, domin yana nuna wa mutum yawan ƙarfin da yake ɓarnatarwa. Ɗora yatsa na biyu a kan tsirkiyar D, taɓawa kawai, ka ja baka. Za ka ji shaƙaƙƙiyar ƙara marar daɗi. Ci gaba da jan baka kana barin yatsan yana nutsewa sannu a hankali. A wani wuri ƙarar za ta washe ta koma murya. Tsaya nan. Iyakar abin da ake bukata ke nan, duk abin da ka ƙara a kai sadaka ce ga ciwo. Ƙarfin murya ba daga hannun hagu yake zuwa ba, aikin baka ne. Amma hannuwan mutum 'yan kwaikwayon juna ne: da zarar dama ta ƙara ƙarfi, hagu ma sai ta damƙe, haƙora su cije, numfashi ya tsaya. Raba su da wannan kwaikwayo yana cikin abin da ke cin watanni.

Sai batun tazara, wanda lissafi ke bayyana shi fiye da kowace nasiha. Tsirkiyar cikakkiyar celo, daga sama zuwa jaki, ta kai kimanin santimita 69, fiye da ninki biyu na ta bayolin. Saboda haka sautuka sun yi wa juna nisa. A zangon farko, inda kowa ke farawa, yatsa na ɗaya yana sauka wajen santimita 7 da rabi daga sama, na huɗu kuma wajen 17, kowane yatsa na nesa da maƙwabcinsa da santimita 3 da ɗoriya. Daga manuni zuwa auta kusan santimita 10 ke nan, kuma duk wannan buɗi sautuka huɗu kawai ya ƙunsa, kowanne rabin taki daga na kusa da shi. A tsirkiyar D, su ne E da F da F mai kaifi da G. Littattafan farko na koyar da celo, irin na Michel Corrette na 1741, sun ari tsarin yatsu ne daga bayolin, kamar a ba raƙumi takalmin doki. Jean-Louis Duport ne, a littafinsa da aka buga a Faris a 1806, ya kafa tsarin yatsa ɗaya ga kowane rabin taki, wanda ake bi har yanzu.

Inda ɗan koyo ke tuntuɓe shi ne tsakanin na biyu da na uku. Waɗannan biyun ba sa son rabuwa, kuma ba laifinka ba ne, halitta ce, domin jijiyoyin da ke ɗaga su a bayan hannu a sarƙe suke da juna. Maganin ba shi ne a tale su da ƙarfi ba. Buɗin daga gindin yatsu yake fitowa, daga tafin hannu, kuma tafin da babban yatsa ya ƙulle ba ya buɗuwa. Gwada yanzu ba tare da celo ba: matsa babban yatsa da na tsakiya da ƙarfi, ka nemi ware sauran. Sannan sassauta ka sake warewa. Bambancin ya ishe ka hujja. Shi kuma autan, rauninsa ba ya bukatar a yi masa horon soja. In zai taka, 'yan'uwansa uku su kwanta a bayansa a kan tsirkiyar, hannun ya ɗan karkata ya kai masa nauyi, yadda mai tafiya ke sauya nauyinsa daga ƙafa zuwa ƙafa. Yatsan da ya gama aikinsa ba dole ne ya ci gaba da dannawa ba, ya zauna kusa kawai, kada ya tashi sama kamar eriya.

Malamai sun kasu biyu a kan yadda yatsu za su fuskanci tsirkiya. Wasu na son su sauka a tsaye, su gitta ta sosai. Wasu na son hannun ya ɗan kishingiɗa baya wajen manuni, kusa da yadda mai bayolin ke yi. An yi manyan makaɗa a kowane ɓangare, don haka ban ga dalilin faɗa ba. Mai gajeren auta yakan fi samun sauƙi da na tsayen, mai dogayen yatsu yakan fi sakewa da na kishingiɗen. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne wuyan hannu. Daga gwiwar hannu zuwa gindin yatsu layi ɗaya ne, kada ya karye ya yi ciki, kada ya yi doro. Gwiwar hannun kuma ba ta manne da haƙarƙari, ba ta tashi kamar fiffiken ungulu, kuma takan ɗan ƙara hawa idan an nufi tsirkiya mai kauri ta C, wadda ta fi nisa daga hannun. Farce a yanke shi ƙasa sosai. Tsokar kan yatsa ce ke taka tsirkiya, kuma farcen da ya yi tsawo yana tilasta wa yatsa kwanciya.

Dalilin nacewa a kan wuyan hannu yana cikin jiki. Manyan tsokokin da ke tanƙwara yatsu ba a cikin yatsun suke ba, suna can a sangalin hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Dogayen jijiyoyi ne ke jan yatsun daga can, kamar linzami. Tara daga cikinsu, tare da wata jijiyar ji da ke kai saƙo ga babban yatsa da manuni da na tsakiya, duk ta wata ƙuntatacciyar kafa ɗaya suke bi a wuyan hannu. In wuyan a miƙe yake, suna zamewa lafiya. In a karye yake, sai su riƙa gogar baki kamar igiyar guga a bakin rijiya, sau dubbai a zama ɗaya. Kumburi ya biyo baya, jijiyar ji ta matsu, yatsu su fara mutuwa da dare. Kada a ce wannan tsoratarwa ce. Wani bincike da aka buga a 1988 a kan makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka ya nuna kashi 76 cikin 100 sun taɓa fama da matsalar lafiya mai tsananin da ta shafi kiɗansu. Ƙwararru ke nan, waɗanda suka sami malamai tun suna yara.

Wani lokacin kuma laifin ba na hannu ba ne sam. Celo mai araha takan fito daga masana'anta da jaki mai tsawo, tsirkiya ta yi nesa da allo. A ƙarshen allon, tazarar da ta dace wajen milimita 5 zuwa 6 ce a ƙarƙashin A, wajen 8 a ƙarƙashin C. A can sama kuwa, inda tsirkiya ta fara, da ƙyar katin waya zai shige. In ta wuce haka, ko Casals ne sai ya matsa. Kafin ka zargi yatsunka, kai ta wurin mai gyara ya auna. Haka nan girma: akwai cikakkiya, akwai ta kashi bakwai cikin takwas, akwai ta uku cikin huɗu, da rabi, har zuwa 'yan ƙanana na yara irin shekarun da Yo-Yo Ma ya fara, yana ɗan shekara 4. Babban mutum mai ƙaramin hannu da ya zaɓi ta bakwai cikin takwas bai rage wa kansa daraja ba. Wanda kuma ke riƙe da celo a ƙasarmu ya yi hattara da hunturu. Itacen na son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, busasshiyar iska na tsuke shi, turaku su sake, tsayin tsirkiya ya sauya, wani lokaci ma ya tsage. A ajiye ta cikin gidanta, nesa da rana.

Da yawa sukan liƙa 'yan siraran tef a kan allo don nuna gurbin yatsu. Ban ƙi ba, na 'yan watanni. Illarsa ita ce allon na gefen fuska ne, mai leƙen tef sai ya murɗa wuya ya sunkuya, zaman da aka sha wahalar gyarawa ya rushe. Celo tana da nata tef ɗin da kunne ke gani. Taka G da auta a kan tsirkiyar D. In ka dace da gurbin, tsirkiyar G da ke maƙwabtaka za ta kama rawa da kanta ba wanda ya taɓa ta, har ido na iya gani, muryar kuma ta buɗe kamar an ɗage labule. In ka kauce ko da kaɗan ne, sai ta yi shiru. Wanda ya saba farautar wannan amsa ya fara zama makaɗi.

Bayan wasu makonni za a zo ga miƙa, inda hannun ke buɗewa ya kai kusan santimita 13. Sirrinsa ɗaya ne: tsakanin manuni da na tsakiya kaɗai ake buɗewa, sauran yatsu na nan yadda suke, kuma babban yatsa na bin na biyu duk inda ya je. In ya toge a baya, hannun zai murɗe. Haka nan ƙaura daga zango zuwa zango, hannun gaba ɗaya ke tafiya, daga gwiwa, a sassauce. Karkarwar nan mai daɗi da ake ji a muryar celo, wadda kowane ɗan koyo ke ɗokin yi, a bar ta tukuna. Ba ta fitowa daga hannun da ke shaƙe da wuya, kuma in hannun ya sake, rabin aikinta ya riga ya ƙare.

Hannun dama ma nasa babban yatsan ne ke tona masa asiri. Bakan celo wajen giram 80 ne nauyinsa, kuma surarsa ta yanzu daga François Tourte na Faris ta samo asali, a ƙarshen ƙarni na 18. Kalmar "riƙo" ma tana yaudara, domin in baka na kan tsirkiya, tsirkiyar ce ke ɗauke da shi. Sake hannun ya rataya daga wuyan hannu, yatsu su zubo a kan sandan ta wajen gindinsa, da 'yar tazara tsakaninsu. Babban yatsa ya shiga ta ciki, a tanƙware, kansa na taɓa inda sanda ya haɗu da gindin, daura da na tsakiya. Auta ba ya tsayawa a kan sanda kamar na mai bayolin, zubowa yake yi ta gefe tare da sauran. Da zarar babban yatsan ya miƙe ya sandare, wuyan hannu ya kulle, muryar ta koma kukan ƙofa. Nauyi daga kafaɗa yake gangarowa ya shiga sanda ta manuni, kuma yayin da baka ke nisa zuwa tsininsa sai hannun ya ɗan juya ciki, kamar mai tsiyaya ruwa daga buta.

Abu uku ke haɗuwa su ba da murya: nauyin da aka sakar wa baka, saurin jansa, da wurin da ya taka tsakanin jaki da ƙarshen allo. Kusa da jaki ana son nauyi da tafiyar hawainiya, kusa da allo ana son sauƙi da ɗan sauri. Ƙaron da ke jikin tsagiya yana kama tsirkiya ya ja ta, ta kuɓuce, ya sake kamawa, sau 220 a daƙiƙa ɗaya in tsirkiyar A ce, wajen sau 65 in ta C ce. Wanda ya danne ta fiye da kima ya hana ta kuɓucewa, sai ta yi gurnani. Baka ya bi layi ɗaya da jaki, kuma madubi ya fi kowa gaya maka gaskiya a kan wannan. In an gama a sassauta tsagiyar, kada kuma a taɓa ta da yatsa, don maiƙon fata na hana ta kama ƙaro.

Ciwo iri biyu ne, kuma ya kamata a san su. Zafin kan yatsu a makonnin farko, kafin fata ta yi kanta, wannan na kowa ne, yana wucewa. Haka 'yar gajiyar tsoka da ke tafiya bayan hutu. Amma suka a wuyan hannu, zafi a gindin babban yatsa, mutuwar yatsu ko jin kamar ana tsira musu allura, ciwon da ke kwana ya tashi da kai, waɗannan ba a yi musu jarumta. A ajiye baka, a nemi abin da ya karkace, in ya ƙi tafiya a ga likita. Minti 15 sau biyu a rana ya fi awa uku ranar Asabar. János Starker, ɗan Hangari da ya koyar a Jami'ar Indiyana ta Amurka daga 1958 har kusan rasuwarsa a 2013, ya gina koyarwarsa ne a kan wannan batu, wato gane inda jiki ya ɗaure da yadda za a kwance shi, kuma ana ba da misali da shi wajen kiɗan da ba a ganin wahala a jikin mai yin sa. Wanda ke Legas zai iya samun malami a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan. Wanda ke nesa, yana koyo ta bidiyo, ya jingina wayarsa ta ɗauke shi daga gefen hagu, inda za ta kama bayan wuyan celo. Abin da zai gani a can sau da yawa ba shi ne abin da yake zaton yana yi ba.

Shekara biyu da zuwansa Basalona, a 1890, Casals ya shiga wani shagon tsofaffin takardun kiɗa ya ci karo da kiɗa shida da Johann Sebastian Bach ya rubuta wa celo ita kaɗai wajen 1720. A lokacin an fi ɗaukar su a matsayin darasin motsa yatsu. Ya shekara goma sha biyu yana bitar su kafin ya yarda ya kaɗa ɗaya a gaban jama'a, bai kuma naɗe su a faifai ba sai tsakanin 1936 da 1939. Mafarin na ɗaya daga cikinsu shi ne kiɗan celo da aka fi sani a duniya, ko wanda bai san sunansa ba ya taɓa jin sa a fim ko talla. In ka duba gaɓarsa ta farko, tsirkiya uku ne ke kaɗawa a sake, G da D da A, ba yatsa a kansu. Yatsa ɗaya tak ke aiki, manuni, yana sauka a kan tsirkiyar A yana tashi. Na biyu sai a gaɓa ta biyu yake shigowa, na uku a ta uku.